"Ni Dai Turo Mini Aka Yi, Na Tura": Laifin Manhaja Ne Ko Na Yatsa?



Kwanakin baya bayan mun tashi daga karatu, wani matashi ya tsaya har jama'a suka watse, sannan ya matso ya ce yana da tambaya amma ba ya son a ji. An turo masa saƙon murya cewa wani mai shago a unguwarsu shi ne yake ba masu garkuwa da mutane bayanai. Ya saurara, gabansa ya faɗi, ya tura a zaure uku na WhatsApp. Kafin sati ya zagayo mutumin ya kulle shago ya kwashe iyalinsa daga unguwar cikin dare. Daga baya aka gano wanda ya fara naɗar muryar, ashe rigimar bashi ce tsakaninsu. Sai ya ce da ni: "Malam, wallahi ni ban ƙara ko kalma ɗaya ba, yadda aka turo haka na tura. Kuma wani abokina da ya karanci kwamfuta ya ce in daina damun kaina, su waɗannan manhajoji an gina su ne don su sa mutane yin haka, laifin na kamfani ne. To ina da zunubi?"

Na ba shi amsa a taƙaice a wurin, amma maganar abokin nasa ta tsaya mini a rai, don na sha jin ta a bakin 'yan boko da ma wasu ɗaliban ilimi. Kuma maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da haɗari. Don haka na ga ya dace mu duba abin da su masu binciken wannan fanni suka gano da kansu, mu aza shi a kan ma'aunin shari'a. Kada wani ya ce me ya haɗa malami da binciken jami'o'in Amurka. Hukunci daga Alƙur'ani da Sunna muke ɗauka, wannan babu tantama. Amma sanin yadda abu yake aukuwa a zahiri, ana karɓarsa daga duk wanda ya ƙware ya kuma yi gaskiya a aikinsa, kamar yadda muke karɓar sakamakon awon jini daga likita ba tare da mun tambayi aƙidarsa ba.

A watan Maris na 2018 mujallar Science ta buga wani bincike na mutum uku daga jami'ar MIT da ke Amurka: Soroush Vosoughi da Deb Roy da Sinan Aral. Sun tattara labarai kusan 126,000 da suka yaɗu a Twitter daga 2006 zuwa 2017, waɗanda mutum kusan miliyan 3 suka tura fiye da sau miliyan 4.5. Kowane labari sun duba hukuncin da cibiyoyi shida masu tantance labarai suka yanke a kansa, gaskiya ne ko ƙarya. Abin da suka samu: labarin ƙarya ya fi na gaskiya damar a sake tura shi da kashi 70 cikin 100. Kafin labarin gaskiya ya kai ga mutum 1,500, yana ɗaukar lokaci kusan ninki shida na abin da ƙarya take ɗauka. Gaskiya da wuya ta wuce mutum 1,000, amma manyan ƙarairayi sukan kai dubban mutane har zuwa 100,000. Mu da aka raina da cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to ga shi an auna, furen nata yana cika gari kafin gaskiya ta tsiro.

Amma ba wannan ne ya fi jan hankalina ba. Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan asusun bogi da na'ura ke sarrafawa, waɗanda babu mutum a bayansu. Sai masu binciken suka tace su, suka cire su daga lissafi. Sakamakon bai canza ba. Da suka mayar da su, sai suka ga na'urorin nan suna yaɗa gaskiya da ƙarya daidai wa daida, ba ruwansu. Wanda yake fifita ƙarya a kan gaskiya wajen turawa shi ne ɗan Adam mai jini a jika. Kuma waɗanda suka fi yaɗa ƙaryar ba manyan masu mabiya ba ne, a matsakaici ma mabiyansu sun fi kaɗan. Da suka nemi dalili, sai suka ga labarin ƙarya ya fi zama sabo a kunne, kuma martanin da yake jawowa shi ne mamaki da tsoro da ƙyama. Mutum yana son ya zama shi ne ya fara kawo abin da ba a taɓa ji ba.

Don adalci, wannan bincike na Twitter ne kaɗai, kuma na labaran da aka yi cikin Turanci waɗanda har masu tantancewa suka kula da su. Bai auna saƙon murya na Hausa a WhatsApp ba. Amma duk wanda ya tuna daren ruwan gishiri a watan Agusta na 2014 ba ya buƙatar a zana masa jadawali. Cutar Ebola ta shigo Legas, sai saƙo ya zagaya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha kafin gari ya waye. Uwa ta kira ɗanta, wa ya kira ƙanwarsa, ana ta tashin mutane daga barci. Rahotanni sun ce aƙalla mutum biyu sun rasu, wasu kuma an kwantar da su a asibiti. Babu wata na'ura da ta buga wayar nan da ƙarfe uku na dare. Masoya ne suka buga, kuma don ƙauna suka buga.

Yanzu mu koma ga abin da abokin nan ya faɗa, don yana da nasa rabon gaskiya. Kamfanonin nan ba tsarkaka ba ne. A watan Janairu na 2012 Facebook ya yi gwaji na mako ɗaya a kan mutum 689,003 ba tare da an gaya musu ba: wasu aka rage musu rubuce-rubuce masu faranta rai a abin da suke gani, wasu aka rage musu masu ɓata rai, don a ga ko abin da su ma za su rubuta zai canza. Ya canza, ko da yake kaɗan ne ƙwarai. Da aka buga sakamakon a 2014 duniya ta yi ca a kansu, saboda an yi wasa da zukatan mutane ba da izininsu ba. Sannan a 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida, a ciki aka ga cewa akwai lokacin da lissafin manhajar yake ba alamar fushi da sauran alamomin motsin rai maki biyar, alhali alamar "na so" ta yau da kullum maki ɗaya take da shi. Ma'ana, rubutun da ya fi harzuƙa mutane shi ake ƙara turawa gaban wasu. A Myanmar kuwa, kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a 2018 cewa Facebook ya zama makami mai amfani a hannun masu yaɗa ƙiyayya ga 'yan uwanmu Musulmin Rohingya, kuma kamfanin da kansa ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba. Wanda ya gina kasuwa ya tsara ta yadda mai algus zai fi kowa ciniki, yana da nasa kason zunubi, kuma ya kamata hukumomi su tuhume shi.

To amma kasonsa ba ya sauke naka. Shaiɗan ma yana ƙawata saɓo, yana da dabaru da suka fi na kowane injiniya, kuma a cikin Suratu Ibrahim an ba mu labarin yadda zai barranta daga mabiyansa ranar alƙiyama, ya nuna musu cewa shi kira kawai ya yi suka amsa. Idan ƙawatawar Iblis ba ta zama uzuri ba, ta yaya ta Zuckerberg za ta zama? Balle ma shi wannan matashi, a WhatsApp ya tura. A can babu wani lissafi da yake zaɓar maka abin da za ka tura wa wa. Kai ne ka danna saƙon ka riƙe, ka nemo sunan zauren, ka duba, ka aika. Sau uku ya yi haka.

Abin da yake ba ni tsoro shi ne yadda wannan sakamako na MIT ya yi kama da ƙissar ƙagen da aka yi wa Uwar Muminai Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, bayan yaƙin Banul Musɗaliƙ. Wanda ya kunna wutar munafuki ne, Abdullahi bin Ubayyu bin Salul. Wannan kowa ya sani. Amma su wa suka ɗauki maganar suka bayyana ta a Madina? Misɗahu bin Usasa, wanda ya halarci Badar, ɗan uwan Sayyidina Abubakar ne ma, kuma Abubakar ke ciyar da shi. Da Hassanu bin Sabit, mawaƙin da yake kare Manzon Allah (SAW) da harshensa. Da Hamnatu bintu Jahsh, 'yar uwar matar Annabi. Mutanen kirki ne, sahabbai, Allah Ya yarda da su. Ba su suka ƙirƙira ba. Ji suka yi suka faɗa. Kuma su ukun nan aka yi wa haddin ƙazafi, bulala tamanin tamanin. Shi kuwa Ibnu Ubayyu, malamai da yawa sun tafi a kan ba a yi masa haddi ba, Ibnul Ƙayyim ya kawo dalilai a Zadul Ma'ad, daga ciki har da cewa shi yana iza maganar ne ta ƙarƙashin ƙasa yadda ba za a iya jingina masa ita ba, da kuma cewa haddi tsarkakewa ne, shi kuwa an tanadar masa abin da ya fi wannan a lahira. Ka duba da kyau ɗan uwa: mai ƙirƙira ya ɓuya, masu turawa suka sha bulala. Yau ma haka ne, wanda ya fara naɗar murya yakan yi da layin da ba a san shi da shi ba, kai kuma ka tura da sunanka da hotonka.

Wata guda cur Manzon Allah (SAW) da gidan Abubakar suna cikin wannan ƙunci kafin ayoyin Suratun Nur su sauka. A aya ta 15 Allah Ya siffanta yadda aka riƙa karɓar labarin, sai Ya jingina karɓar ga harsuna. Malaman tafsiri sun tsaya a nan, domin a al'ada da kunne ake karɓar magana, ta wuce zuciya a auna ta, sannan ta fito ta baki. Su kuwa kamar daga harshe zuwa harshe take tsallakawa, ba ta bi ta hankali ba. Ayar ta kuma nuna suna ɗaukar abin da sauƙi alhali babba ne a wurin Allah. Duk lokacin da na ga mutum ya tura bidiyon minti bakwai bayan daƙiƙa goma da shigowarsa waya, wannan ayar nake tunawa. Sai dai mu yanzu ko harshen ma ba ya wahala, daga yatsa zuwa yatsa ne.

A nan ne wani binciken ya ƙara mini haske. Gordon Pennycook da David Rand da abokan aikinsu sun buga shi a mujallar Nature a 2021. Sun nuna wa mutane kanun labarai, wasu na gaskiya wasu na ƙarya. Rukuni ɗaya aka tambaye su: wannan gaskiya ne? Sai suka bambance sosai tsakanin gaskiya da ƙarya. Ɗaya rukunin aka tambaye su: za ka tura wannan? Sai bambancin ya kusa ɓacewa. Kuma mafi yawansu da bakinsu suka ce yana da muhimmanci a gare su kada su tura sai abin da yake daidai. Ke nan mutane da yawa suna iya gane ƙarya in an tsayar da su, matsalar ita ce a lokacin turawa hankalinsu yana wani wuri: wa zai ji daɗi, wa zai ji haushi, ɓangarenmu ne ko nasu. Sai masu binciken suka gwada a Twitter, suka aika wa mutum fiye da 5,000 saƙo suna neman ra'ayinsu a kan ingancin wani kanun labari guda ɗaya da bai shafi siyasa ba. Wannan 'yar tunatarwa kaɗai ta sa ingancin abin da suka tura bayan nan ya ɗan ƙaru. Tasirin ba mai yawa ba ne, kada mu zuzuta. Amma mu muna da sunan wannan ciwo tun da daɗewa, shi ne gafala, kuma mun san maganinta tunatarwa ce da ake maimaitawa, domin ba ta zama a zuciya da sau ɗaya.

Wannan yana da tasiri a kan hukunci. Da jahilci ne zalla, da mutum ba shi da hanyar sani, da an sami fuskar uzuri. Amma wanda in an tambaye shi zai ce "gaskiya ni ma ban tabbatar ba", ya riga ya yi wa kansa shaida. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da bincike idan fasiƙi ya zo da labari, kuma ta faɗi dalili: kada a cutar da mutane cikin rashin sani a dawo ana nadama. To saƙon da aka turo ba suna, ba a san wanda ya naɗa ba, ai a ma'aunin malaman hadisi matsayinsa na wanda ba a san ko wane ne ba, kuma ba su karɓar ruwayar irin wannan, balle a kan jini da mutuncin Musulmi. Imam Muslim a gabatarwar Sahihinsa ya kawo hadisin da ke nuna cewa mutum ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, wannan kaɗai ya isa a ƙirga shi cikin maƙaryata. Rubuta "kamar yadda aka turo" a saman saƙo ba ya wanke kowa. Kuma a Sahihul Bukhari, cikin dogon mafarkin da Samuratu bin Jundub ya ruwaito, an nuna wa Annabi (SAW) azabar mutumin da ake tsaga masa baki da hanci da ido har ƙeya, aka ce shi ne wanda yake fita da safe ya yi ƙaryar da za ta kai sasannin duniya. Shekaru aru-aru mai karatu yana iya mamakin yadda ƙaryar mutum ɗaya za ta kai can. Mu kam a aljihu muke ɗauke da amsar.

Akwai wani nau'i da ya fi yawa a tsakaninmu masu son addini, shi ne ƙarya don a taimaki Musulunci. Hoton gajimare da aka gyara, labarin wani babban Bature da ya musulunta alhali bai musulunta ba, da waccan tsohuwar wasiyya ta wani wai Shehu Ahmad mai hidimar masallacin Annabi, wadda take yi wa wanda bai yaɗa ta ba barazana da musiba. Tun zamanin takarda take yawo, Shaikh Ibnu Baz ya yi rubutu na musamman ya bayyana cewa ƙarya ce, amma har yau tana dawowa da sabuwar riga. Wannan ma ba sabon ciwo ba ne. An ruwaito cewa Nuhu bin Abi Maryam ya ƙirƙiri hadisan falalar surori, da aka tuhume shi ya ce ya ga mutane sun bar Alƙur'ani sun shagala da wasu karatuttukan ne, shi ya sa ya yi don neman lada. Malaman hadisi sun ce irin waɗannan sun fi kowa ɓarna, domin mutane suna amincewa da su saboda kamanninsu na kirki.

Kuma kada in tsaya ina nuna yatsa ga matasa in manta da mu masu rawani. William Brady da Molly Crockett da wasu a jami'ar Yale sun bi saƙonni miliyan 12.7 na mutum 7,331 a Twitter, suka buga sakamakon a 2021. Sun ga cewa idan mutum ya yi rubutun nuna fushi da Allah-wadai ya sami yabo da turawa da yawa, to gobe ya fi yiwuwa ya sake yin irinsa. Mabiya suna horar da mai shafi ba tare da ya sani ba. Ni shaida ne a kan wannan shafin da kuke karantawa. In na yi rubutu a kan hukuncin sujudar rafkanwa ko haƙƙin maƙwabci, 'yan tsiraru ne suke tsayawa. Ranar da na ambaci kuskuren wani malami ko da a kaikaice, kafin in ajiye waya sharhi ya cika. Wallahi zuciya tana lura da wannan, kuma washegari in ka zauna rubutu sai ka ji tana raɗa maka cewa ai raddi ma jihadi ne. Wani lokaci raddi wajibi ne, ban musa ba. Amma in mutum ya ga raddinsa yana ƙaruwa daidai da yadda mabiyansa suke ƙaruwa, ya kamata ya rufe ƙofa ya tambayi kansa wa yake jan wani tsakaninsa da jama'arsa. Malamin da ya hau kan yankakken bidiyo na daƙiƙa talatin ya yanke wa ɗan uwansa hukunci, bai saurari cikakken karatun ba, bai kira shi ba alhali yana da lambarsa, me ya raba shi da wancan matashin? Sai dai shi matashin zaure uku ya tura wa.

Wani zai ce, to in labarin tsaro ne fa? In na yi shiru kuma ya zama gaskiya aka sace wani? Tambaya ce mai nauyi a halin da ƙasarmu take ciki, ba zan raina ta ba. Aya ta 83 a Suratun Nisa'i ta zo a kan wannan daidai: ta zargi masu watsa labarin aminci ko na tsoro da zarar ya zo musu, ta nuna a mayar da shi ga waɗanda za su iya tace shi. Ba a ce ka binne labarin ba, an ce ka kai shi inda za a bincika. Mai unguwa, liman, shugaban 'yan sintiri, jami'an tsaro: mutum biyu ko uku da za su iya tabbatarwa su ɗauki mataki. Zauren mutum ɗari biyu ba ya bincike, abin da ya iya shi ne ya fusata, kuma mun ga inda fushin taro yake kaiwa ga wanda aka nuna da yatsa aka ce ɓarawo ne ko mai ba da bayanai.

Abin da na gaya wa matashin shi ne, eh yana da laifi gwargwadon abin da ya yaɗa, wanda ya ƙirƙira kuma nasa ya fi girma. Ƙofar tuba a buɗe take, Misɗahu ma an yi masa haddi, sannan Allah Ya saukar da aya ta 22 a surar, Abubakar ya mayar masa da ciyarwar da ya rantse zai yanke. Amma haƙƙin ɗan Adam ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Na ce ya koma zaurukan nan uku, da muryarsa, da sunansa, ya ce abin da ya tura ƙarya ne kuma shi ne ya tura, ya roƙi duk wanda ya ɗauka daga wurinsa ya mayar da gyaran inda ya kai. Ya sani tun yanzu gyaran ba zai yi gudun da ƙaryar ta yi ba, don haka ya maimaita, kada ya yi sau ɗaya ya ce ya sauke nauyi. Sannan ya ɗauki wani dattijo su je su sami mutumin inda ya koma, ya nemi yafiyarsa ido da ido, in kuma akwai abin da zai iya yi don shagon ya sake buɗewa, ya yi. Ya ce zuwa wurin mutumin shi ne ya fi masa nauyi, yana jin kunya. Na ce ya je da kunyar tasa, in yana so ni zan raka shi ranar Asabar bayan la'asar.

Wallahu a'alam.